Za a gyara a faifai: fuskoki biyu na katun ɗin Japan

A watan Oktoba na 2006 masu kallon talabijin a Japan suka ga abin da har yau ake tsokana da shi. A kashi na 3 na wani shirin soyayya mai suna Yoake Mae yori Ruriiro na, wata budurwa ta ɗauki wuƙa za ta yanka kabeji. Abin da ke gabanta kuwa wani kore ne shar, mulmulalle, sumul, babu ganye babu jijiya. Kafin gari ya waye hoton ya zagaye intanet. Da faifan DVD ya fito bayan 'yan watanni, sai ga kabeji na gaske, ganye kan ganye. Masu kallo na cewa tun daga lokacin duk sutudiyon da kabeji ya shigo masa cikin labari sai ya zauna ya zana shi da kulawar da ko fuskar jarumi ba ta samu ba.

Wannan ba hatsarin rana ɗaya ba ne, al'ada ce da ta zauna a masana'antar anime, wato katun ɗin Japan. Shiri yakan fita sau biyu. Na farko a talabijin, mako-mako, agogo na binsa a guje. Na biyu a faifai, DVD a da, Blu-ray tun bayan 2006, kuma sau da yawa hoton da ke ciki ba shi ne aka gani a tashar ba. Akwai masu kallon da suka mai da kwatanta su biyun sana'a: su ajiye hoton talabijin a hagu, na faifai a dama, su yi ta nuna inda aka miƙe hanci, inda aka ƙara haske, inda aka ɗauke baƙin da ya rufe rabin allo. Duk sanda wani kashi ya fito a hargitse, maganar da ake ji daga magoya baya ɗaya ce: za a gyara a faifai.

Kafin a fahimci wannan alkawari sai an leƙa yadda ake aikin. Zangon shiri yakan ɗauki wata uku, kashi 12 ko 13, kowanne kimanin minti 24. A kashi guda akwai yankan hoto wajen 300 da zane dubu uku zuwa dubu biyar, wani lokaci fiye. Manyan mazana ke zana ginshiƙan motsi, inda hannu ya taso da inda ya tsaya. Ƙananan ma'aikata su cike tsakani, kuma an daɗe ana biyan irinsu yen 200 ko kusa da haka a kan kowace takarda. Daga nan sai mai duba zane, wanda suke kira sakuga kantoku, ya bi aikin takarda-takarda yana daidaita fuskoki, don kada jarumin da ya shiga ɗaki da doguwar haɓa ya fito da gajera. Kashi ɗaya na son makonni da yawa, tashar kuma tana son sabo duk kwana bakwai, saboda haka ana ɗora kashi da dama a wuta lokaci guda. Ratar da aka fara da ita tana raguwa mako bayan mako. Kafin a kai tsakiyar zango, wasu sutudiyo na miƙa aiki ga tashar ana saura sa'o'i a haska shi. Idan abin ya ƙure, a tura wani ɓangare Koriya ta Kudu, ko China, ko Filifin, ya dawo ba tare da mai duba zane ya samu sukunin taɓa shi ba.

Lamarin ya yi kama da tela a daren sallah, wanda zai miƙo riga ba maɓalli ya ce a sa haka a je idi, bayan sallah a dawo da ita a ƙarasa. Bambancin kawai, a nan mai rigar ne zai sake biya.

Japanawa na kiran irin wannan rugujewa sakuga hokai, kuma tarihinta ya girmi kabejin. A 1998 kashi na 4 na Lost Universe ya fita a TV Tokyo da motsi mai tsalle-tsalle da fuskoki a karkace, har sunan kashin ya zama laƙabin duk aikin da ya lalace. An sake zana shi kafin a sayar. Wanda matasan yau suka fi tunawa shi ne kashi na 5 na Dragon Ball Super, a watan Agustan 2015. Jarumi Goku da abokin karawarsa Beerus suna faɗa, amma duk inda kyamara ta ja baya sai fuskar Goku ta koma ɗigo biyu da layi ɗaya, hannu ya zarce gwiwa, yatsu su manne. Kamfanin Toei Animation, wanda yake zana Goku tun 1986, ya sha ba'a daga ko'ina a duniya. A Blu-ray an sake zana wuraren da suka fi muni.

Sutudiyon Shaft kuwa ya kai abin wani mataki. A 2009 kashi na 10 na Bakemonogatari ya fita ba a gama shi ba. Da ma salon shirin ne ya riƙa jefo allo mai launi ɗaya da rubutu a tsakiyar magana, to a wannan daren sai allunan suka zama mafaka: ana jin kokawa da ihu, ido kuma ba ya ganin komai sai hoto a tsaye. Mai kallo ya kasa gane inda fasaha ta ƙare da inda gazawa ta fara. Sai da faifai ya fito aka ga faɗan da aka yi niyya. Irin haka ta sake faruwa da sutudiyon a 2014, lokacin da waƙar buɗe kashi na 9 na Mekakucity Actors ta fita da 'yan tsanar kwamfuta masu sandarewa, daga baya aka maye gurbinsu da zanen hannu.

Wani misali kuma shi ne Jujutsu Kaisen, zango na biyu, kashi na 17, faɗan Sukuna da Mahoraga a unguwar Shibuya, wanda aka haska a Nuwamban 2023. A makonnin nan mazanan da suka yi wa sutudiyon MAPPA aiki sun fito fili a shafukan sada zumunta suna kukan matsin lokaci, abin da ba kasafai ake gani a Japan ba. Kashin ya burge jama'a duk da haka. Amma da Blu-ray ya zo a 2024, sai aka ga an ƙara fitowa da dama da ba a samu gamawa ba, an cike wuraren da aka bari a gurguje, an kuma ɗauke wani duhu da ya lulluɓe faɗan. Wannan duhun ba laifin mazana ba ne, asalinsa daban.

Da yammacin Talata, 16 ga Disamba 1997, TV Tokyo ta haska kashi na 38 na Pokémon. Wajen minti na ashirin Pikachu ya harbi wasu makamai masu linzami, allo ya shiga walƙiyar ja da shuɗi sau 12 a daƙiƙa guda, na tsawon 'yan daƙiƙu. A wannan daren motocin asibiti suka kwashi mutum 685, yawancinsu yara, wasu da jiri da amai, wasu da farfaɗiya. An dakatar da shirin wata huɗu. A 1998 tashar NHK da ƙungiyar tashoshi masu zaman kansu suka fitar da ƙa'idoji: a guji walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa, a yi kaffa-kaffa da jan launi mai kaifi, kada ratsi-ratsi ko zane mai juyawa ya cika allo. Daga nan ne kuma aka fara rubuta gargaɗin nan a farkon shirye-shiryen yara, cewa a kunna fitilar ɗaki a ja baya daga talabijin. Kashin kansa ba a sake haska shi ba, ba a kuma sa shi a faifai ba.

Yanzu kafin shiri ya hau iska ana bi da shi ta na'urar gwaji da aka gina a kan binciken Farfesa Graham Harding na Jami'ar Aston a Ingila. Duk inda na'urar ta yi ƙorafi, dabara biyu ake yi. Ko a rage hasken wurin gaba ɗaya, ko a cakuɗa hoto da na bayansa don canjin ya yi laushi. Wanda ya kalli My Hero Academia ko Mob Psycho 100 ya san na farkon ko bai san dalilinsa ba: jarumi ya dunƙule hannu, kiɗa ya tashi, daidai lokacin da naushin zai sauka sai allo ya dusashe kamar batirin waya ya yi ƙasa, bayan daƙiƙa biyu haske ya dawo. Na biyun kuma shi ne idan aka tsayar da hoto a tsakiyar faɗa sai a ga takobi uku a hannun da ke riƙe da ɗaya, biyu daga ciki fatalwa ce. Abin takaicin shi ne wannan magani yana faɗawa ne daidai kan wuraren da aka fi zuba ƙwarewa, domin gwanayen mazana su ne masu son jefa walƙiyar fari da baƙi a cikin naushi. Ƙa'idojin sun hau kan tashoshi ne, ba su hau kan faifai ba, shi ya sa Blu-ray ke fitowa da haskensa cikakke. A duk bambance-bambancen, wannan ne kaɗai mai hankali ba zai yi wa tashar ƙorafi a kansa ba. Talabijin na shiga ɗakin da ba a san wa ke zaune ciki ba.

Tacewa kuma labarinta ya fi cakuɗewa. A JoJo's Bizarre Adventure na 2014, jarumi Jotaro ɗan shekara 17 ne, dokar Japan kuwa ba ta yarda da shan taba kafin shekara 20 ba. Duk sanda ya sa sigari a baki sai wata inuwa baƙa ƙirin ta sauko ta rufe masa daga hanci zuwa haɓa, alhali babu wanda bai san abin da yake yi a bayanta ba. A shekarar dai, Tokyo Ghoul ya riƙa rufe rabin allo da duhu, wani wuri ma ya juya launukan hoton gaba ɗaya don kada jini ya fito ja. Terra Formars ya wuce gona da iri, domin akwai wuraren da baƙaƙen da'irori suka cinye mutum har ba a gane wa aka kashe. Wani lokaci kuma abin da ke faruwa a gari ne ke shigowa. A Satumban 2007, ana gab da haska kashin ƙarshe na School Days, wata yarinya 'yar shekara 16 ta kashe mahaifinta da gatari a lardin Kyoto. Tashar TV Kanagawa ta janye kashin, ta cike rabin sa'ar da hotunan tsaunuka da ruwa da jirgin ruwa. Da tashar AT-X ta masu biyan kuɗi ta haska shi daga baya, jinin baƙi ne. A DVD ya koma ja.

Sai kuma tururin banɗaki da hasken rana mai ratsowa ta inda babu taga, waɗanda ke tsayawa daidai inda ya kamata a suturta. A nan ba tsoron hukuma ba ne kaɗai. Akwai shirye-shiryen da ke kambama rufin da gangan don mai kallo ya san akwai abin da aka ɓoye masa, kuma ya san inda ake sayar da shi. Wannan talla ce sanye da rigar kunya. Iyaye ma ya kamata su san da haka, domin a ƙasar Hausa har yanzu da yawa na ɗaukar duk abin da aka zana a matsayin kayan yara. Yawancin waɗannan shirye-shirye bayan sha biyun dare ake haska su a Japan, a lokacin da jadawalin tashoshi ke rubutawa 25:30, wato ɗaya da rabi na dare. Ba don yara aka yi su ba ko a can.

Wannan lokaci na tsakar dare shi ne mabuɗin kasuwancin. Ba tashar ce ke sayen shirin ba. Gamayyar kamfanoni ce, mai buga littafin, mai sayar da faifai, mai waƙa, mai ƙera 'yan tsana, suke haɗa kuɗi su yi shirin, sannan su sayi lokacin iska. Haskawar talabijin talla ce mai tsawon wata uku. Shekara da shekaru riba tana cikin faifai, wanda ke ɗauke da kashi biyu ko uku a kan yen 6,000 zuwa 8,000, ta yadda mai son zango guda cikakke zai kashe dubun dubatan yen. Mutum ba zai fitar da wannan kuɗi a kan abin da ya riga ya naɗa kyauta daga tashar ba sai an ba shi dalili. Gyaran zane dalili ne, ɗauke duhu dalili ne, cire tururi ma dalili ne. A 2011 faifan Blu-ray na farko na Puella Magi Madoka Magica ya sayar da kwafi 53,000 a makonsa na farko, ya karya tarihin da Bakemonogatari ke riƙe da shi. Duka biyun na Shaft ne, sutudiyon da ya fi kowa suna wajen fitar da aiki a gaggauce ya gyara daga baya. Da wuya a ce wannan haɗuwa ce kawai.

Madoka ɗin ce kuma ke nuna cewa gyara ba kullum yake zama ci gaba ba. A talabijin, gidan Mami, yarinyar da iyayenta suka rasu take zaune ita kaɗai, kusan fayau yake: tebur, ƙasa, faffaɗar taga. A faifai an cika shi da kujeru da labule da kayan ƙawa. Shingen rufin makaranta ma, wanda ƙarfe ne kawai a da, ya koma wani ƙasaitaccen gini mai ado. Babu shakka an fi zuba aiki a na biyun. Amma masu cewa ɗakin farko ya fi faɗin gaskiyar yarinyar suna da hujja, domin kaɗaicinta a fili yake tun kafin ta buɗe baki. Ƙila ƙarancin lokaci ne ya bar ɗakin fayau, amma ya dace da labarin fiye da abin da wadatar lokaci ta kawo.

Akwai inda faifai ke ragewa maimakon ƙarawa. Kashin farko na Osomatsu-san, na 2015, ya kwaikwayi fitattun shirye-shirye irin su Attack on Titan don barkwanci, dokar haƙƙin mallaka ta Japan kuwa ba ta keɓe wa kwaikwayon barkwanci wata kariya ba. Aka cire kashin ɗungurungum daga faifai da intanet. A Amurka, lokacin da kamfanin Funimation ya sake fitar da Dragon Ball Z a DVD daga 2007, ya yanke sama da ƙasan hoton don ya cika faffaɗan allon zamani, kan wasu ya rasa gashi, ƙafafu suka ɓace. Neon Genesis Evangelion na Hideaki Anno kuma ya bi ta ɗaya hanyar: kashi na 21 zuwa 24 sun samu ƙarin fitowa a bidiyo, waɗanda suka canza yadda ake fahimtar wasu mutanen labarin. A irin wannan, tambayar wanne ne na asali ba ta da amsa guda.

Ko da ba a taɓa zane ko ɗaya ba, hoton ba ya zama iri ɗaya. Tashoshin ƙasa na Japan suna aika hoto a matse, faɗinsa ɗigo 1440 maimakon 1920 na Blu-ray, da tsohuwar hanyar matsewa ta MPEG-2, shi ya sa ruwan sama da hayaƙi da tartsatsi ke farfashewa. Ga tambarin tasha a kusurwa, ga sanarwar girgizar ƙasa da kan ratso saman allo ana tsakiyar mutuwar jarumi. Idan shirin ya ƙetare teku kuma sai ya sake wata kama. Kamfanin 4Kids a Amurka ya mai da sigarin Sanji na One Piece alewar tsinke. Tashar Spacetoon, wadda gidaje da dama a Arewa suka kama ta tauraron ɗan Adam na Larabawa, ta riƙa tsawaita tufafin mata da fenti tana mai da giya ruwan 'ya'yan itace.

Matsalar yau ita ce ginshiƙin da alkawarin ya dogara a kai yana zaizayewa. Tun wajen 2018 kuɗin da masana'antar ke samu daga haskawa ta intanet ya zarce na faifai. Dandamali irin Crunchyroll suna sakin kashi cikin sa'o'i kaɗan bayan Japan, kuma abin da ake ba su galibi kwafin talabijin ne, da duhunsa da fatalwarsa da karkatacciyar fuskarsa. Wani lokaci sukan musanya shi da gyararre daga baya, kamar yadda aka yi wa kashin nan na Jujutsu Kaisen, sau da yawa kuma ba sa yi. Sakamakon shi ne miliyoyin mutane na yanke wa mai zane hukunci a kan aikin da aka fizge daga hannunsa, gyararren kuma 'yan dubbai ne ke gani. Gyaran ma ba a sararin Allah ake yinsa ba: mutanen da ke fama da kashi na 10 su ne ake dawo wa da takardun kashi na 3 su sake. Alkawarin gyarawa a faifai ya daɗe yana rufa wa mummunan jadawali asiri, kuma kamfanonin da suka tsara jadawalin su ne ke karɓar kuɗin gyaran.

Ga mai kallo a Kano ko Zinder, wanda yawanci a waya shirin ke iso masa, akwai alama mai sauƙi. Idan sunan fayil na ɗauke da haruffan BD, daga Blu-ray aka ciro shi. Idan TV ko WEB ne, kwafin makon farko ne. Mai son ganin abin da mazanan suka yi niyya ya nemi mai BD. Amma gidan da ke da yaro ƙarami, ko wani mai fama da farfaɗiya, ya tsaya a kan na talabijin, ya kuma bar fitilar ɗaki a kunne.